Takabar Amna

Na san abin da ake faɗa muku a gidajen dangi game da dawowarmu daga Masar. Wasu sun ce zagin manya na yi aka koro ni, wasu sun ce kujerar wani na hango, gwaggonku kuwa har gobe cewa take taurin kaina ne ya ci aikina ya haɗa da karatun Sadiya. Na yi shiru shekara da shekaru, ba don ba ni da baki ba, ku kanku shaida ne ina da shi har ya yi yawa. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, gara in rubuta da hannuna tun kafin wani ya rubuta mini. Taurin kai akwai shi, ban musa ba, a nono na sha. Amma ina so ku san a kan me na taurare, musamman ke Sadiya, da kika fi kowa shan wahalar abin.

A shekararmu ta huɗu a Alƙahira ina aiki ne a ofishin wata ƙungiyar ƙasashe, gwamnatinmu ta ba da arona. Ba zan kama sunanta ba, haka ita ma ƙasar da ta nemi shiga cikinta a lokacin, domin mutanen da suka ba ni amana har yau suna da dangi a can. Ƙasar ta ƙagu a karɓe ta, saboda shiga ƙungiyar na nufin a buɗe mata iyakoki da kasuwanni. Ƙungiya ta gindaya mata sharuɗɗa: ta yi zaɓe na gaskiya, ta bar jaridu su yi magana, ta sakar wa kotu mara, ta kuma saki duk wanda aka tsare saboda siyasa. Aka kafa kwamitin mutum biyar ya duba ko an cika, ni kaɗai ce mace a ciki, kuma ni ce mai riƙe da alƙalami. Tsarin aikin shi ne, in duk mu biyar muka sa hannu a rahoto, shugabannin ƙasashen ƙungiyar za su amince ba tare da muhawara ba. In hannu ɗaya ya yi ƙasa, dole a karanta dalilin mai shi a zauren taro, a kuma ajiye shi a kundi. Ba zan ci haƙƙin ƙasar nan ba, ta yi wani abu. An yi zaɓe, ko da yake da gardama a kansa, wasu jaridun da aka rufe sun dawo, kuma ni kaina ina son a karɓe ta, don na san talaka ne zai fara ganin sauƙin farashi.

Muna zaune a Ma'adi, a wani gida mai bishiyar mangwaro a ƙofa, ofis ke biyan haya da makarantarku. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki hutu daga koyarwa ya biyo ni yana nasa karatun a Madinat Nasr, yana cewa shi ne namiji na farko a zuriyarsu da aka kai ɗakin mata har ƙasar waje. Sadiya na ajin ƙarshe, saura 'yan watanni ta rubuta jarrabawar da za ta kai ta karatun likita. Komai na tafiya daidai, in ban da cikinmu da ya ƙi sabawa da abincin Misirawa. Babanku in ya kwana uku bai sha miyar kuka ba sai ya fara magana kamar marar lafiya. Wannan ne ya haɗa ni da Amna.

Amna Bahaushiya ce daga waccan ƙasar, cikin jikokin mutanenmu da suka tsaya a hanyar aikin hajji tun zamanin tafiyar ƙasa ba su ƙarasa gida ba. Tana zaune a Ard al-Liwa, a ɗaki ɗaya a hawa na huɗu, ita da 'ya'yanta mata biyu, tana sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Duk wata nake zuwa ranar Asabar, in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka in shiga tuk-tuk, a-daidaita-sahunsu na can, in ratsa lungunan nan da rana ba ta taɓa ƙasa a cikinsu. Mijinta, Malam Usman, malamin firamare ne. An sa shi ƙirgar ƙuri'a a garinsu a wani zaɓe da aka yi tun kafin zancen gyara, ya ƙi sa hannu a sakamakon da bai ƙirga ba, bayan kwana biyu aka zo aka tafi da shi. Shekara uku ba labari, ita kuma ta gudo da yara. Wata Asabar na je na tarar da ita a kan tabarma cikin farin zane marar ado, babu kwalli, babu ɗan kunne. Wani mutum mai suna Idirisa, da suka zauna ɗaki ɗaya da Malam Usman a tsare, ya fito ya iso Alƙahira, ya nemo ta ya ce mijinta ya rasu a gabansa, shi ya yi masa wanka da hannunsa. Ta shiga takaba daga ranar. Su a can sun fi mu tsanantawa, mai takaba ko ƙofa ba ta leƙawa har wata huɗu da kwana goma su cika. Na yi mata ta'aziyya, na sayi daddawata na tafi.

Bayan kamar wata biyu ƙasar ta aiko wa kwamiti jerin sunayen waɗanda ta ce ta saki, shafi uku cur, da hatimi da komai. Ina dubawa sai ga sunan Malam Usman, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da sana'arsa, an rubuta an sake shi watanni biyar da suka wuce. A nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kunya. Ni da ake kira mai bin diddigi, ban tsaya na yi tunani ba, murna ta ɗebe ni. Na ɗauki shafin na nufi Ard al-Liwa a ranar aiki, tun daga matakala nake faɗa wa matan gidan cewa mijin Amna na da rai, gwamnati ta sake shi. Kafin in kai hawa na huɗu an fara guɗa. Na shiga ina haki, na miƙa mata takardar. Ba ta karɓa ba.

"Hajiya," ta ce, "in an sake shi wata biyar, yana ina?"

Na ce wataƙila yana neman hanya.

"Mutumin da in ya je kasuwa ya daɗe sai ya aiko a faɗa mini? Lambar wayar yayansa ba ta canja ba, uwarsa na nan a gidan da ya bar ta. Idirisa ya faɗa mini tabon da ke bayan cinyarsa, wanda ba mai saninsa sai ni da wanda ya wanke shi. Wallahi Hajiya ba ki kawo mini alheri ba."

Gaskiyarta. Kafin sati ya zagayo takardar da na kai ta zama sanda a hannun mutane. Ƙanin mijinta ya yi ta kira daga can yana cewa ta cire farin zane, tana yi wa rayayye fatan mutuwa, kuma za ta ja musu fitina in hukuma ta ji matar wanda aka ce an saki tana takaba. Matan gidan suka rabu biyu. Malamin unguwarsu ya ce shaidar mutum ɗaya ga takardar hukuma, shi dai bai san abin da zai ce ba. Ofishin da ke riƙe da fayil ɗinta na gudun hijira ya ce tun da mijin na da rai kuma an sake shi, sai a sake duba ko tana da dalilin zama. Mace ta tashi ba ta da miji ba ta da mamaci, kuma ni na kai mata wannan har ɗaki da ƙafata.

Kwamitinmu ya ware kwana uku a wani otal a bakin Nilu don duk mai ƙorafi a kan jerin ya zo ya faɗa. Doka ta ce sai matar mutum ko danginsa na jini, da kansa, da katin shaida, a cikin zauren. Idirisa ba dangi ba ne, ba shi da takardun zama, kuma ya san ma'aikatan jakadancin ƙasarsu za su zauna a layin gaba suna rubuta fuskoki. Saura Amna. Na koma na roƙe ta, na ce zan kawo mota har ƙofa, malamai ma sun yarda mai takaba ta fita don lalura.

"Na sani," ta ce. "Amma ranar da ƙafata ta taka matakalar nan, duk gidan nan za su ce khalas, shi ke nan, ta yarda yana raye, ta ajiye takaba. Ba wanda zai tambayi inda na je. Ba su ba ni gawarsa ba, ba su nuna mini kabari ba. Zaman nan kaɗai ya rage da zan yi masa, kuma ba zan tashi ba sai ya cika."

Na so in yi mata faɗa, don ni ba na haƙura da wuri, amma na ƙyale ta. Duk wanda ya tsara dokar kwamitinmu bai taɓa tunanin cewa waɗanda suka fi kowa sanin ƙaryar jerin nan su ne waɗanda ba za su iya fitowa ba.

Washegari na sami shugaban kwamiti, wani dattijo mai laushin murya da ya shekara talatin yana sulhunta ƙasashe ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Na ce a ba mu izini mutum biyu mu je ɗakinta mu ɗauki shaida, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ya zuba mini shayi da hannunsa.

"Madam Rukayya, ma'alish, ki yi haƙuri. In muka je ɗaki ɗaya, gobe ɗaki ɗari za su kira mu. An tsayar da ranar taron shugabanni. Ki bari su shigo tukuna, gyara ya fi sauƙi daga ciki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in suka shigo da wannan takardar, mun koya musu cewa takarda ta isa. Me zai sa su wahalar da kansu da gyara?"

"Mutum ɗaya ne," ya ce.

"Ɗaya na sani, saboda a wurin matarsa nake sayen daddawa. Sauran shafi ukun ban san inda matansu ke zaune ba."

Kwana ukun suka wuce, ba wanda ya zo a kan sunan Malam Usman. Aka ce in rubuta a rahoto cewa an saki duk waɗanda ke jerin, kuma babu iyalin da ya musanta. Kowace kalma ta rabin ƙarshe gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙarya ƙona mini rai. Kafin ranar sa hannu wani babba ya kira ni gefe ya ce, cikin ladabi, wa'adin arona na gab da sabuntawa, kuma ƙungiya ba ta sabunta wa mai raba kan kwamiti. Ba barazana ba ce, in ji shi, shawara ce ta ɗan'uwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zaunar da Babanku da Sadiya a teburin cin abinci na faɗa musu komai, har da abin da zai biyo baya: gida zai tafi, makaranta za ta tafi, kuma ba za a jira jarrabawa ba. Sadiya ta ajiye cokali.

"Mama, wata huɗu ya rage mini. Ki sa hannu, in na gama ki yi duk faɗan da kike so. Mutumin nan ya riga ya mutu, hannunki ba zai tashe shi ba."

Na ce ba tashinsa nake nema ba, so nake a bar shi ya mutu.

"To ni fa? Ita kin san ta shekara biyu, ni 'yarki ce."

Na juya wurin Babanku ina jiran ya raba gardama. Ya daɗe yana juya tuwo a kwano.

"Rakiya, in na ce ki sa, za ki sa?"

Na ce a'a.

"To me ya sa kike tambayata? So kike in ɗauki rabin laifin." Ya yi ɗan murmushi. "Na ɗauka. Amma ki sani yarinyar nan tana da gaskiya, kuma ke za ki biya ta, ba ni ba."

Kada wani ya gaya muku na yi abin nan da zuciya ɗaya. Na ji tsoro, na kuma ji haushin Amna da kafiyarta, na ji haushin kaina da na hau matakalar nan ina shela. Har na ɗauki alƙalami a ofis na gwada hannuna a farar takarda in ga ko zai yarda. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mutumin nan an ɗauke shi ne saboda ya ƙi sa hannu a lissafin da bai yi ba, shi da ba shi da fasfon jakadanci, ba shi da gida a Ma'adi. Ni kuma da ba abin da za a yi mini illa a sa ni a jirgi a mayar da ni garinmu, ana so in sa nawa hannun a kan cewa yana yawo a gari.

Ranar Litinin aka zagayo da rahoton a teburi, huɗu suka sa, ya iso gabana. Na tura shi gaba, na fito da takarda guda da na buga da kaina. Shugaba ya cire tabarau.

"Madam, kin san abin da wannan ke nufi?"

"Ni ce mai riƙe da alƙalamin zaman nan, ranka ya daɗe, na san dokokinsa."

Na karanta musu a tsaye, layi shida ne kawai. Na ce ni, wakiliya a wannan kwamiti, ban yarda an cika sharaɗin sakin fursunoni ba, domin Malam Usman ɗan Adamu, malamin firamare, da ke shafi na biyu, ya rasu a tsare bisa shaidar wanda ya yi masa wanka, matarsa na takaba a Ard al-Liwa, kuma kwamiti ya ƙi zuwa ya ji ta bakinta. Wani daga cikinsu ya ce in cire jimlar ƙarshe ko don zumunci. Na ce ita ce ma ta fi gaskiya a ciki. Dole suka buga mata hatimi suka liƙa a bayan rahoton, domin abin da doka ta ce ke nan.

Kada ku zaci duniya ta girgiza. An karanta takardata a taron shugabanni cikin minti biyu, aka ɗage shigar ƙasar zuwa zama na gaba, aka ce ta sake tantance jerin, daga baya kuma aka karɓe ta. Ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba, ku tambayi mutanenta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai wasiƙar sallamata ta riga taron isowa, an gode mini da hidima, an ba mu sati uku mu tattara. Muka dawo Zariya, Sadiya ta tarar da wani tsarin karatu daban, ta maimaita shekara, ta nemi likitanci sau biyu ba ta samu ba. Wata bakwai ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Sadiya, wannan asarar taki ce, ni na jawo ta, kuma ban taɓa cewa ƙarama ba ce. Ba zan ce miki alheri ce ta zama ba, ban sani ba. Abin da ba zan yi ba shi ne in ce na yi nadama, don ƙarya zan yi miki, kuma kin isa ki gane.

Ana saura kwana biyu mu tashi na ɗauki kwafin takardar mai hatimi na tafi Ard al-Liwa da hantsi. Wannan karon na hau matakala bakina a rufe. Na tarar da malamin unguwar da mata uku a ƙofar ɗakin, don na aika a kira su. Amna na kan tabarmarta, ta rame har wuyanta ya fito. Ba ta karatun Turanci, sai na fassara mata layi bayan layi. Da na zo wurin da aka ce ya rasu a tsare, ta ɗaga hannu.

"Maimaita nan."

Na maimaita.

"An rubuta haka? Da sunansa?"

Na nuna mata sunan da yatsa, na nuna mata hatimin. Malamin ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce to, ga shaida ga takarda, Allah ya jiƙan Malam Usman, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ita ce fatiha ta farko da aka yi masa a gidan nan ba tare da wani ya tashi ya fita ba. Amna ta karɓi takardar da hannu biyu ta ɗora a cinya, sai a lokacin na ga hawayenta, duk tsawon watannin nan.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ya mutu."

Na ce mata jibi za mu bar ƙasar, an sallame ni. Ta dube ni, ta gane ba sai na yi bayani ba.

"Hajiya, ki yafe mini, ba zan raka ki ko ƙofa ba. Saura mini kwana goma sha ɗaya."

Na ce ta zauna abinta, na san hanya.